Lambun Bayan Gida: Da Ruwa Ake Auna Shi

Kafin ka sayi iri ko na naira ɗari, zauna ka lissafa ruwan gidanka. Ba ruwan Agusta ba, sa'adda indararo ke kwana yana zuba. Ruwan watan Afrilu nake nufi, lokacin da rijiya ta yi ƙasa, famfo ya ɗauke, 'yan garuwa suka ƙara wa jarka kuɗi. Galibin lambunan gida da ke mutuwa a garuruwanmu ba ƙwari ke kashe su ba, ba kuma rashin taki ba. Marmari ne ke ɗibar mutum a ƙarshen damina, ya kafce fili daga wannan katanga zuwa waccan ya cika shi da shuka. Bazara na kawo jiki sai ya ga abin da zai ba su bai kai rabin abin da suke sha ba. Ya riƙa raba ruwan kaɗan-kaɗan don kowa ya samu, ƙarshenta duka su ƙone.

Lissafin ba wuya. Fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, in ganye ya rufe shi, yana shan kamar lita 5 kullum a lokacin sanyi, da zafi kuwa har lita 7 ko 8. Ke nan jarka mai cin lita 25 komi guda za ta riƙe maka a yini, mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku. Idan jarka biyu kake iya warewa ba tare da uwargida ta ɗaure fuska ba, to lambunka komi biyu ne, kome girman bayan gidan. Kada ka raina su. Komi biyu da suka ƙoshi sun fi shida masu yaushi ba ka ganyen miya.

Akwai kuma ruwan da ake zubarwa kullum ba a sa shi a lissafi. Na alwala ne kan gaba: kowa da butarsa sau biyar a yini, duk yana bin makwarara. A mayar da wurin alwala kusa da gindin zogale ko ayaba, ko a tara baho a riƙa kwashewa. Haka ruwan wankin shinkafa da na wake da na ɗauraye kayan miya, har da ƙasari in ba dabbobin da za su sha a gidan. Ruwan wanka mai ɗan sabulu ya yi wa bishiya, amma kada ya taɓa ganyen da za a ci ɗanye. Ruwan omo da na bilic da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, waɗannan a bar wa lambatu, don suna kashe ƙasa a hankali. Ruwan kwata kuwa babu zancensa. Wanda ya yi lambu a gida don ya san abin da iyalinsa ke ci, in ya ɗebo kwata ya zuba wa latas ai ya ɓata wahalarsa.

Da sassafe ake ban-ruwa ko da yamma liƙis, a gindi, ba a kan ganye ba. Gara a ba komin ruwa ya ƙoshi ya ratsa ƙasa da a riƙa yayyafa masa sau uku a yini, domin yayyafi saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya ka yi tafiya ka dawo ka tarar da shukar ta kwanta. In kana shakka, cusa yatsa har gaɓa ta biyu. Ka ji damshi, bar shi sai anjima. Sannan a rufe fuskar komin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsa uku, a bar ɗan sarari kewaye da karan shukar saboda gara da ruɓa. Wannan rufin shi kaɗai yana rage ban-ruwa ƙwarai. Mai tsohon tulu ko ƙaramar randar ƙasa da ba a shafa mata siminti ba, ya binne ta har wuya a tsakiyar komi, ya cika ta da ruwa ya rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinta kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha, sauro ba ya shiga.

Bayan ruwa sai rana. Ware yini guda da kake gida ka lura da inda take faɗawa tun hantsi har la'asar. Duk abin da ake cin 'ya'yansa, tumatir da kubewa da barkono da gauta, yana son rana ta sa'a shida ko fi. Ganye irin su alayyahu da latas da na'a-na'a suna haƙuri da sa'a huɗu. Abin da mutane ke mantawa shi ne rana tana sauya hanya. A hunturu kudu take karkata, saboda haka doguwar katangar kudu za ta shimfiɗa inuwa cikin tsakar gida, wurin da ka gani tarwai a watan Yuni ya zama ba ya ganin rana sai tsakar azahar. Gindin katangar arewa shi ke samun rana a lokacin. Da bazara kuma inuwar katangar yamma rahama ce, tana tare zafin la'asar. Ko ta wace kusurwa ka zaɓa, ja baya daga jikin gini kamar kamu biyu, musamman ginin ƙasa, kada damshi ya ci tushen katanga ya haɗa ka da maƙwabci.

Shinge kuma kafin shuka ake yinsa, ba bayan akuya ta yi ɓarna ba. Dangar kara ko zana ko wayar kaji duk sun yi, in dai ƙasan ya matse. Kaza ɗaya mai 'ya'ya tana tone komi guda kafin a idar da sallar walaha. Ƙadangare ma yana tsinke tsiro ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa shinge ba ya hana shi. Maganinsa tsohon gidan sauro: a lanƙwasa tsumagu a kafa su kamar baka a kan komin, a lulluɓa, a danne gefe da duwatsu.

Ƙasar bayan gida, musamman a sababbin unguwanni, sau da yawa ba ƙasar noma ba ce. Ciko ne na marmara da burbushin bulo da ragowar siminti da magina suka bari. Ɗebi dunƙule ka jiƙa ka matse a tafin hannu. In ya watse nan take, rairayi ne, ba ya riƙe ruwa. In ya dunƙule yana santsi har kana iya murza shi kamar igiya, laka ce, tana riƙe ruwa har saiwa ta shaƙe, in ta bushe kuma ta daskare ta tsage. Wadda ake so ita ce mai dunƙulewa amma da ka taɓa ta da yatsa ta farfashe. Abin daɗin shi ne maganin biyun ɗaya ne, wato ruɓaɓɓen taki. A kafce zurfin santimita 30, a tsince duwatsu da leda da fasassun kwalabe, a zuba bokitin fenti ɗaya zuwa biyu na taki a kowace mita, a cakuɗa da fartanya, a baje da manjagara, a jiƙa a bar shi mako guda kafin a shuka. In ciko ne zalla, kwashe shi za a yi a kawo turɓayar gona.

Na ce ruɓaɓɓe, kuma nan ne da yawa ke tuntuɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro ƙurmus. Ɗanyen kashin shanu yana kawo gara da irin ciyawa. Na awaki da tumaki ya fi sauƙi, shi ma gara ya kwana biyu. Haƙa rami a wata kusurwa mai inuwa, mita ɗaya ta kowane gefe, zurfinsa iya gwiwa. A ƙasa a zuba busasshen ganye da yankakken kara da ƙaiƙayi, kaurin taƙi guda. A bi da ɗanyen abu, ɓawon kayan miya da na ayaba da ciyawar da aka cire. A ɗora kashin dabbobi, a barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake wani hawan haka har ramin ya cika. Soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki in ka zaro ta ka ji ta da ɗumi, aiki ya kankama. In ta yi sanyi kuma a bushe, ƙara ruwa. In wari ya tashi, ruwa ya yi yawa, ƙara busasshen ganye. A juya shi duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi mai laushi, ba ka gane abin da aka zuba, ƙamshinsa na ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Ban da nama da ƙashi, ban da kashin kare da na kyanwa. Ƙasar juji da ake sayarwa a amalanke kuwa ina ɗari-ɗari da ita, domin jujin birni ba na ƙauye ba ne, cike yake da matattun batura da ƙonanniyar roba.

Siffar komi tana bin lokaci. Da rani a yi shi a kwance, ƙasa-ƙasa, da ɗan gaɓa kewaye don ruwa ya tsaya, yadda masu lambun fadama ke yi. Da damina a ɗaga shi ya zama kunya ko tudu mai tsayin taƙi guda don ruwa ya wuce. Faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. Ɗan haya, ko wanda aka malale tsakar gidansa da siminti, ya yi da buhu. Buhun shinkafa ko na taki, a naɗe bakinsa ya tsaya iya gwiwa, a huhhuda ƙasansa, a cika da turɓaya kashi biyu, taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya, a ɗora kan bulo ko duwatsu. Gindin tumatir ɗaya ko attarugu ɗaya a buhu, kada a yi haɗama. Buhu ya fi komi saurin bushewa, ba a tsallake masa rana, amma ranar tashi sai ka ɗauki lambunka ka sa a mota.

Me za a fara da shi? Alayyahu. Yana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar, ana fara cinsa cikin mako uku zuwa huɗu, yana jure zafi, kuma in ya lalace asarar ba ta da yawa. Ƙwayarsa ƙanana ce ainun, sai a gauraya ta da busasshen yashi kafin a yafa don kada ta taru wuri guda, a rufe da ƙasa sama-sama. In ya kai taƙi guda a cire na tsakani a kai tukunya, sauran a riƙa yanka a bar gaɓa uku ko huɗu, zai sake toho. Dabarar da ta fi amfani ita ce kada a shuke komin rana ɗaya. Raba shi uku, ka riƙa shuka kashi ɗaya duk kwana goma, yadda ba za ka wayi gari da alayyahun da ya fi ƙarfin gidan ba sannan ka koma saye.

Da faɗuwar damina, Yuni zuwa Yuli, lokacin kubewa ne da rama da yakuwa da lalo da kabewa da gauta. Kubewa ba ta son dashe. A jiƙa irin ya kwana, a sa ƙwaya biyu a rami, tazarar kamu guda, in sun fito a bar mai ƙarfi. Wajen mako bakwai zuwa takwas za ta fara 'ya'ya, daga nan kuma duk bayan kwana biyu sai an tsinka, don in aka bar ɗaya ta ƙosa a jiki uwar za ta rage haihuwa. Yakuwa a ci ganyenta duk damina, a bar gindi uku ko huɗu su yi fure idan kaka ta yi, a samu zoɓo. Kabewa gindi ɗaya ya isa, a jefa yaɗonta kan danga ko rumfa. Idan tana fure 'ya'yan na zubewa tun suna ƙanana, zuma ce ba ta zuwa. Da sassafe ka duba furannin: na mace yana da ɗan ƙululu a ƙasansa, na namiji siririn tsinke ne kawai. Cire na namijin, ka yaye ganyen furen, ka goga tsakiyarsa a tsakiyar na macen. Aikin minti ɗaya ne.

Daga Oktoba zuwa Fabrairu kuwa shi ne babban lokacin lambu a ƙasar Hausa: tumatir da albasa da latas da kabeji da karas da lansir. Karas a inda zai girma ake shuka shi, cikin ƙasa mai laushi marar tsakuwa, in ya fito a rage shi ya zama tazarar yatsa uku, kuma ɗanyen taki yana sa shi ya yi rassa. Latas da zarar zafi ya shigo sai ya miƙe ya yi ɗaci, don haka kada ya wuce Fabrairu. Albasa tana cin mako shida zuwa takwas a wurin reno, sannan wata uku ko fi bayan dashe. Jar albasar Galmi ta jihar Tawa a Nijar ta yi suna saboda tana jure ajiya, amma mai komi biyu bai kamata ya ba albasa rabin filinsa na kusan wata biyar ba. Ya ɗauki waɗanda suka tsira a kwandon kicin ya dasa a bakin komi, ya riƙa yankar lawashi.

Tumatir shi kowa ke so, shi ne kuma mai rigima. A yi renon irin a watan Oktoba, a tsohon baho ko ɗan komi mai laushi, a jere a layi, a rufe da ciyawa har ya tsiro sannan a yaye. Roma VF da UC82B sun saba da ƙasarmu, ana samunsu a shagunan kayan gona. Bayan mako uku zuwa huɗu, in ya yi ganye huɗu ko biyar kuma karansa ya yi kauri, ya isa dashe. Kwana biyu ko uku kafin ranar a rage masa ruwa ya ɗan taurara, ranar kuma a jiƙa shi sosai don ya fito da ƙasarsa. Da yamma ake dasawa. A binne karan har kusa da ganyen farko, domin duk inda ƙasa ta rufe zai fid da sabuwar saiwa. Tazara santimita 45 zuwa 60. A kafa sanda tun ranar, kada a jira ya girma a zo ana sokar saiwa, a ɗaure da tsumma sako-sako. Mako biyu bayan dashe, mai son takin zamani ya sa NPK cikin murfin kwalbar lemo guda, taƙi ɗaya nesa da kara, ya rufe ya ba da ruwa. A yi hankali da yuriya, tana sa tumatir ya yi ganye shar ya manta da 'ya'ya. In ka ga gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, kada ka ruga sayen magani, ban-ruwanka ne ba ya kan ƙa'ida, yau ambaliya gobe ƙishirwa. Kamar wata biyu da rabi bayan dashe za a fara tsinka. Wanda ya makara ya dasa a Fabrairu zai ga fure yana kaɗewa, don tumatir ba ya ɗaukar 'ya'ya sosai in zafin rana ya haura digiri 35 kuma dare bai yi sanyi ba. Abin da ke tsadantar da shi a kasuwa ke nan daga Mayu zuwa Yuli. Badi kuma kada a maimaita shi a komin da ya tashi, haka barkono da gauta, dangi ɗaya ne, cutar ƙasa ɗaya ke kama su. A bi da alayyahu ko albasa ko wake.

Attarugu da tattasai sun fi tumatir jinkiri. Irin kan yi mako biyu ko fi bai fito ba, har mutum ya fid da rai, renon kuma mako shida. Sai dai attarugu in ya samu ɗan inuwa da ruwa yana haura shekara yana haihuwa, gindi uku sun ishe ka.

A wajen itatuwa ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa da wuri. Mangwaro ƙaramin dashe ne a leda yau, nan da shekara goma inuwarsa ta cinye tsakar gidan, saiwarsa ta nufi shadda. In filin bai kai a ja mita biyar ko shida daga gini da ramin masai ba, a haƙura da shi, kome son da ake wa Binta siga. Ƙaramin gida zogale ya dace da shi, da gwanda, da lemun tsami, da gwaiba ko rumman. Zogale ko reshe ka kafa a damina zai kama. Sirrinsa yanka: da ya kai ƙirji a datse kansa, ya yi rassa a inda hannu ke kai wa, in ba haka ba zai miƙe ya wuce katanga ya bar ka da kallo. Gwanda takan yi 'ya'ya cikin shekara guda, amma akwai namiji da ba ya haihuwa, kuma ba a gane shi sai ya yi fure. Saboda haka a dasa uku kusa da juna. Mai fid da dogayen tsinkaye da ƙananan furanni rututu shi ne namiji, mai babban fure manne da jikin kara ita ce mai haihuwa. Gwanda ba ta yafe ruwa ya kwanta a gindinta, kwana biyu sun isa ta ruɓe, a dasa ta kan tudu. Ayaba akasin haka, bakin makwararar wanka ne gidanta, a bar uwa da 'ya ɗaya da jika ɗaya, sauran a cire.

Lemu da mangwaro a sayi mai aure. Na ƙwallo yana iya shekara biyar ko fi bai haihu ba, kuma ba lalle ya biyo uwarsa ba, mai aure kuwa wajen shekara uku. A wurin masu sayar da dashe na bakin titi kowane tsiro mai aure ne in ka tambaya, don haka ka ce, "Malam, nuna mini wurin auren." Za ka ga tabo ko ɗan karkata a jikin kara kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, wani lokaci da ragowar ledar da aka ɗaure. In ya fara kame-kame, yi gaba. Wanda ke kusa da Kano yana iya tambaya a reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Bagauda. Ramin dashe santimita 60 ta kowane gefe har zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da taki a mayar, a yanke ledar a cire, wurin auren ya tsaya a sarari sama da ƙasa. Duk tohon da ya fito a ƙasan tabon a murje shi, na uwar gindi ne, in aka bar shi zai rinjayi na saman. Farkon damina ake dasawa.

Akwai masu ganin fure ɓata ruwa ne tunda ba a miya da shi. Ban yarda ba, ko don zumar da yake jawowa ta bi ta kan kabewa da gurji. A dai zaɓi masu jure ƙishi. Lalle shi ne na farko a wurina: shinge ne, ƙunshi ne, furensa kuma in ya buɗe duk gidan sai ya ɗauki ƙamshi. Bugenbiliya mai hawa katanga ta fi yin fure idan aka ja mata ruwa, wanda ya shagwaɓa ta ganye kawai zai samu. Kariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja, tana rayuwa a tukunya da ruwa kaɗan, sai dai ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara da dabbobi. Marigol mai ruwan ɗorawa a jera ta a bakin komin tumatir. Wardi kuwa a Jos ya fi jin daɗi. A Kano ko Sakkwato sai an nema masa wurin da rana ke barinsa tun azahar, kuma zai ci ruwan komi guda. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya a sa su a tsohon bokiti kusa da kicin, don na'a-na'a in ta shiga komi ba ta fita.

Maganin ƙwari na farko ido ne. Duk safiya in kana ban-ruwa ka ɗaga ganye ka duba bayansa. Tsutsar kabeji da hannu ake tsince ta, a ba kaji. Darɓa da farin ƙuda in an gan su da wuri ruwa mai ɗan sabulun wanki yana rage su. A ganyen tumatir in ka ga wasu fararen tabo kamar an ƙwaƙule cikin ganyen an bar fatar, ɗaga shi ga rana, za ka ga 'yar tsutsa a ciki. Ita ce Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon. Asalinta Kudancin Amurka, kuma a 2016 ta yi wa gonakin Arewa ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A lambun gida a cire duk ganyen da ta shiga a ƙone, kada a jefa ramin taki. Sannan ga darbejiya a kowace unguwa. A tsinto busassun 'ya'yanta, a daka rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a ɗiga ruwan sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma sama da ƙasan ganyen, a maimaita bayan mako. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi da hayayyafa, sai an yi haƙuri da shi. In ta kai ga maganin kanti, a sayi wanda aka rubuta na kayan lambu ne, a bi awon, a kuma kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin tsinka. Fiya-fiya da sauran magungunan sauro da kyankyaso ba su da hurumi a kan abin da za a ci.

Daga shekara ta biyu bai kamata ka sayi irin alayyahu da kubewa da rama da yakuwa da kabewa ba. Zaɓi gindin da ya fi lafiya tun yana tsakiyar ƙarfinsa, ɗaura masa tsumma don kada yara su tsinka, ka bar shi ya ƙosa ya bushe a tsaye. Kuskure ne a jira ƙarshen lokaci a kwashi ragowar da ba ta yi kyau ba a ce ita ce iri. Na tumatir a matse nunanne sosai a kofi, a bar shi kwana biyu ya ɗan yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa kan takarda. In ya bushe ƙayau a zuba a kwalba da ɗan toka, a rufe, a rubuta suna da wata, a ajiye nesa da murhu. Irin da aka rubuta F1 a jikin fakitinsa shi ne ba a ajiyewa, domin 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar, wannan kowace shekara sai an koma shago.